Yadda ake koya wa yaro mai jinkirin girma yi wa kansa hidima: jagora ga iyaye mazauna Legas

Akwai yaron da a ido lafiyarsa ƙalau, yana ci yana sha yana wasa, amma komai nasa a makare yake zuwa. Sa'o'insa sun daɗe da fara kai loma baki, shi sai an ba shi. Ya shekara 4 bai iya zame wandonsa ba idan fitsari ya matse shi. A makaranta malama ta ce fensir na suɓuce masa, ko kuma ya danna shi har takarda ta huje. A gida wasu su ce sangarta ce, kaka kuma ta ce a ƙyale mata miji, ai ubansa ma haka ya yi. Wani lokaci kakar ce ke da gaskiya. Wani lokaci kuwa jinkiri ne mara tsanani a ci gaban ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, irin wanda ake rage shi ƙwarai idan an tashi tsaye da wuri.

Wannan aiki yana da masu shi. A asibiti sashen OT (occupational therapy, wato koya wa mutum yi wa kansa hidimar yau da kullum) ake ce wa ofishinsu, kuma da wannan sunan za ku tambaya a nuna muku. Mai gashin ƙashi yana kula da zama da tsayuwa da tafiya, mai koyar da magana yana kula da harshe, shi kuwa jami'in OT ruwansa da abin da yaro ke yi da jikinsa daga safe zuwa dare: ci, sa tufa, zuwa bayi, wasa, riƙe alƙalami. Ba ya allura, ba ya rubuta ƙwaya. Kuma ku sani tun yanzu, ko kun samu ganinsa duk mako, zaman bai cika wuce awa guda ba. Sauran kwanakin a ɗakinku yaron yake, don haka mafi yawan aikin a hannunku zai gudana.

Mataki na farko: ku lura, ku rubuta

Kafin ku je ko'ina, ku ɗauki mako biyu kuna kallon yaron da gangan. A samu ƙaramin littafi a riƙa rubuta abin da ya iya shi kaɗai, da wanda sai an taimaka masa, da wanda yake gudu. A ɗauke shi bidiyo a waya yana cin abinci, yana sa takalmi, yana zane. Yara da yawa idan suka shiga asibiti sai su ƙanƙame uwa su ƙi yin komai, bidiyon minti biyu kuwa zai nuna wa ƙwararre abin da bayanin rabin awa ba zai nuna ba.

Ga ma'aunin da ake duba shi a kai. Yawancin yara suna zama ba tallafi kafin wata 9, suna tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni wajen wata 12, suna tafiya da kansu kafin wata 18. Ɗan shekara 2 yana kai cokali baki ko da yana zubarwa. Ɗan shekara 3 yana kwaikwayon zana da'ira, yana cire kaya masu sauƙi. Wajen shekara 4 zuwa 5 yana ɓalle manyan maɓallai, yana sa mafi yawan tufafinsa. Saɓanin wata ɗaya ko biyu ba abin tayar da hankali ba ne. Idan bakwaini ne, a cire makonnin da ya rage a ciki daga lissafin watanninsa har ya kai shekara 2.

Abubuwa huɗu ba a jira musu mako biyun nan. Yaron da ya iya abu sannan ya daina, kamar ya fara magana ya koma shiru. Yaron da ke jijjiga ko yake ƙafewa da ido na 'yan daƙiƙu ana kiransa bai sani ba. Jaririn da bai shekara ba amma hannu ɗaya kawai yake miƙawa, ɗayan a dunƙule. Da wanda ba ya waiwayowa idan an kira sunansa. Waɗannan sai asibiti a makon nan.

Ku kuma tuno tarihin haihuwa, don sai an tambaye ku: ya yi kuka da aka haife shi? Ya yi shawara har aka sa shi a fitila? Ya taɓa sanƙarau, ko zazzaɓi mai jijjiga, ko tamowa? Uwa kada ta ji kunyar faɗin gaskiya, ba tuhumarta ake ba.

Mataki na biyu: likitan yara tukuna

Ba a farawa da OT kai tsaye. Likitan yara ne zai duba ko akwai ciwon da ke buƙatar magani, ya sa a auna ji da gani, sannan ya rubuta takardar turawa. Kada ku bari a tsallake awon kunne da ido. Yaron da ba ya ji sosai yakan yi kama da mai taurin kai, wanda ba ya gani sosai kuma yakan yi kama da mai sakin hannu.

Ta wannan fuska mazauna Legas sun fi mutanen garuruwa da yawa sa'a. Asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, a tsakiyar unguwar da Hausawa suka daɗe da zama. Asibitin koyarwa na jiha, LASUTH, yana Ikeja, kusa da mutanen Agege. Asibitin ƙashi na ƙasa yana Igbobi, kuma yana da sashen OT. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da cibiyar yara da matasa a reshensa na Oshodi, kuma a Oshodin ne makarantar tarayya ta horar da ma'aikatan OT take. Na san sunan Yaba kaɗai yana sa wasu iyaye ja da baya, kada a ce sun kai ɗansu asibitin mahaukata. Cibiyar yaran cike take da irin 'ya'yanku, masu jinkirin magana da masu wahalar karatu, kuma babu wanda zai rubuta wa yaro komai a goshi.

A fara daga babban asibitin jiha mafi kusa, kamar na Orile Agege ko Gbagada, a karɓi takardar turawa. A yi sammako, a tafi da katin rigakafi, da littafin nan, da abinci da ruwa da kayan canji, don layin buɗe fayil na iya cin rabin yini. Mutanen Agege su duba lokacin jirgin ƙasan Legas da ake kira Red Line, yana tsayawa a Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, ya fi a zauna da yaro cikin danfo a cunkoso. Idan uwa ba ta jin Turanci sosai, maigida ko wata 'yar'uwa ta raka ta, amma uwar ce za ta amsa tambayoyi, don ita ke wuni da shi.

Akwai masu zuwa gida su yi wa yaro aiki a biya su. Wasu ƙwararru ne, wasu kuwa kwas ɗin 'yan makonni suka yi. Hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya, don haka a nemi ganin lasisi kafin a yi ciniki. Duk wanda ya ce zai warkar da yaron tas cikin wata guda, ko ya zo da garin magani na sayarwa, a sallame shi.

Mataki na uku: ranar gwaji

Za ku ga kamar wasa ake yi. A ba shi katakai ya jera, a ba shi igiya ya zura ƙwallaye, a ce ya yi tsalle, ya kama ƙwallo, ya zana. Kada uwa ta sa hannu ta gyara masa, kada kuma ta ce "ai ya iya a gida" alhali bai iya ba. Kafin ku tashi, ku tabbata kun fito da abu biyu: ayyukan da za a fara da su, kada su wuce biyu ko uku, da yadda za ku yi su a gida. Ku roƙi jami'in ya nuna, sannan uwa ta gwada a gabansa ya gyara mata. Idan ya yarda, a ɗauki bidiyon hannunsa.

Burin ya zama abin da ido ke gani. "Ya samu sauƙi" ba a iya auna shi. "Ya ja wandonsa daga gwiwa zuwa ƙugu shi kaɗai nan da mako shida" kuwa kowa a gidan zai san ko an kai ko ba a kai ba.

Mataki na huɗu: aikin gida

Nan ne gizo ke saƙar. Babban abin da ke hana irin waɗannan yara gaba a gidajenmu shi ne ƙauna da sauri. A gidan haya mai banɗaki ɗaya, ƙarfe shida na safe ana layin wanka, mai keke na jira a ƙofa, wace uwa ce za ta tsaya minti goma yaro na fama da wando? Sai ta sa masa, ta ɗura masa koko, ta ɗaura masa takalmi. Idan ba ta yi ba, yayarsa ta yi. Haka zai kai shekara 6 hannunsa bai taɓa samun damar koyo ba. Mafita ita ce kada a yi koyo da safe. A bar safiya ga sauri, a zaɓi bayan la'asar ko bayan wankan yamma, lokacin da ba mai jiran kowa. Minti goma sau biyu a rana, kullum, ya fi awa biyu ranar Asabar.

A fara gyara zama. Yaron da ƙafarsa ke reto daga kan kujerar manya duk ƙarfinsa na tafiya ne wajen riƙe jikinsa, bai da saura na yatsu. Kujera 'yar tsuguno ta wadatar, tafin ƙafa a ƙasa, da ƙaramin tebur ko kifaffen bokiti daidai gwiwar hannunsa. Idan a tabarma ne, ya jingina da bango.

Dabarar da ta fi aiki ita ce koyarwa daga ƙarshe. Ɗauki sa wando. Uwa ta zaunar da shi, ta zura masa ƙafa biyu, ta miƙar da shi, ta ja wandon har ƙasan ƙugu, saura ɗan taƙi. Sai ta tsaya a bayansa, ta ɗora hannayensa a bakin robar, babban yatsa a ciki, ta ce "ja". Ya ja, wando ya hau, shi ya gama. A yaba masa nan take, a faɗi abin da ya yi: "Ka ja da kanka." Bayan kwana uku ko huɗu ta tsaya a cinya. Sannan a gwiwa. Sannan a idon sawu. A ƙarshe sai zura ƙafa, wanda shi ya fi wuya, kuma a zaune ake koyonsa. Amfanin wannan tsari shi ne kullum yaro da nasara yake tashi, ba a ƙwace aikin daga hannunsa a tsakiya ba. A fara da wando mai roba da ya ɗan yi masa yawa. Mazagi da zif da maɓalli sai daga baya. Cire kaya ya fi sa su sauƙi, don haka da shi ake farawa.

Taimako ma hawa-hawa ne, kuma janye shi ake yi. Da farko hannunki a kan hannunsa. Sannan ki koma riƙe wuyan hannu, sannan taɓa gwiwar hannu, sannan nuni da yatsa, sannan kalma ɗaya, sannan shiru. Shirun nan ya fi komai wuya. Idan kin ce "ja", ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake magana. Yaro mai jinkiri yana buƙatar lokaci kafin saƙo ya isa hannu, idan aka jero masa umarni biyar sai ya rikice ya tsaya yana kallonki.

Wajen ci, a naɗe ƙotar cokali da tsumma a ɗaure da roba ta yi kauri, ta fi daɗin damƙa. A sa jiƙaƙƙen tawul ƙarƙashin kwano don kada ya riƙa gudu. A fara da abincin da ke manne wa cokali, kamar fate ko kunu mai kauri ko dakakken dankali. Shinkafa warwara da taliya sai ya ƙware. Tuwo kuwa a yanka masa ƙananan loma ya ɗauka ya dangwala, daga baya ya koyi gutsura. A kofi a zuba ruwa kurɓi biyu kacal. Zai ɓata jiki, zai ɓata ƙasa, a shimfiɗa buhu a bar shi. Loma biyar na farko nasa ne tun yana jin yunwa, sauran a ƙarasa masa idan ya gaji.

Ƙarfin yatsu ba sai an sayi kayan wasan kanti ba. A kwaɓa fulawa kofi 2 da gishiri kofi 1 da ruwa kofi 1 da ɗan mai, ya mulmula, ya murza kamar mai taliya, ya tsinka. A kula kada ya ci, gishirin ya yi yawa. A ba shi soso da roba biyu ya kwashe ruwa daga wannan ya matse a waccan. Ya maƙala abin shanya a bakin kwano, ya buɗe murfin gora ya rufe, ya yayyaga tsohuwar takarda, ya zura makaroni a igiyar takalmi. Ya zauna kusa da uwa ya tsinke zogale, ya ɓare dafaffen ƙwai ko ayaba. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ko wanda har yanzu komai baki yake kaiwa, kada a ba shi wake, gyaɗa, tsabar kuɗi ko 'ya'yan carbi, suna shaƙewa.

Rubutu shi ne inda aka fi cutar yaran nan. Makarantun nazare da yawa a Legas suna ba ɗan shekara 3 aikin gida na cika shafi da lambobi, alhali hannunsa bai kai ba. Zane yana da tsari: layin tsaye, layin kwance, da'ira, alamar tarawa, murabba'i, sannan haruffa. A fara da babba. A manna takarda a bango, ko a jingina allo, ya yi zane a tsaye da alli, wannan yana ƙarfafa kafaɗa da wuyan hannu. A karya kalar zane gajeru kamar rabin yatsa, dole ya riƙe da yatsu uku tunda babu wurin damƙa. Yaron da ke boko da safe da Islamiyya da yamma yana rubutu ta fuska biyu, boko daga hagu, Larabci daga dama, a sa masa ɗigo a inda zai fara kowane layi har ya saba.

Sai batun hagu. Hannun da yaro zai dogara da shi yakan tabbata ne tsakanin shekara 4 zuwa 6. Idan ya fito bahago, a koya masa ci da gaisuwa da dama cikin lallashi kamar yadda tarbiyyarmu take, amma a bar masa rubutu da almakashi a hannun da ya fi ƙarfi. Yaron da dama yake fama da fensir, a ƙara masa da dukan hannu, ya tsani rubutun ke nan gaba ɗaya.

Bayi: a ajiye fo a lungu ɗaya na ɗaki, a zaunar da shi bayan cin abinci na minti biyar, ba faɗa idan bai yi ba. Tsarki shi ne matakin ƙarshe, domin yana buƙatar hannu biyu su yi aiki daban-daban a inda ido ba ya gani. A fara da ƙaramar buta mai rabin ruwa, ya koyi zuba wa ƙafarsa da hannunsa. Tsayawa kusa da babansa lokacin alwala darasi ne kyauta sau biyar a rana.

Wasu yaran matsalarsu ta ji a jiki ce. Ƙarar janareta ta sa su toshe kunne, aski ko kitso ko yankan farce ya zama yaƙi, ko su ƙi duk abinci mai yauƙi. Wasu kuma ba sa zama, kullum tsalle da karo da mutane. Kada a danne yaro da ƙarfi. A gaya masa abin da za a yi kafin a yi, a taɓa shi da tafin hannu a natse maimakon shafa sama-sama, a yanke farce ɗaya yau ɗaya gobe. Mai yawan motsi a ba shi aikin nauyi kafin zaman karatu, ya tura kwandon wanki ko ya ɗauko ƙaramin galan. Abin da ya wuce wannan a bar wa jami'in OT ya tsara, don abin da ke kwantar da wani yaro shi ke tayar da wani.

Mataki na biyar: mutanen gida da makaranta

Idan uwa na jira ya ja wando, kaka na zuwa ta ja masa, an yi ba a yi ba. Maigida ne ya fi dacewa ya zauna da Hajiya ya yi mata bayani cikin ladabi, a kuma ba ta nata aikin, kamar zaman tsinkar zogale. Yayye a hana su kiransa dolo ko sakarai, yana ji kuma yana riƙewa. Mai goyo ta rage goyo, yaro na buƙatar ƙasa.

Waya ma a rage. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada ɗan ƙasa da shekara 2 ya zauna kallon waya ko talabijin, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Shafa gilashi da yatsa ɗaya ba ya koya wa hannu komai.

A je wa malamar aji da malamin Islamiyya da buƙatu ƙanana da za su iya: ya zauna a gaba, a rage masa yawan kwafi, a ba shi ƙarin lokaci, kada a dake shi kan munin rubutu. Idan makaranta ta ce ba za ta iya da shi ba, ku san cewa gwamnatin Legas tana da makarantun firamare masu sashen yara masu buƙata ta musamman, ana tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Jihar tana da dokar kare masu buƙata ta musamman tun 2011, da ofishin LASODA da ke kula da ita, sannan akwai dokar tarayya ta hana nuna musu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019.

Mataki na shida: awo da komawa

A manna takarda a bayan ƙofa, kowace rana a rubuta irin taimakon da aka ba shi: hannu, nuni, kalma, ko babu. Bayan mako shida a sake ɗaukar bidiyon aikin nan a kwatanta da na farko. Idan ya yi abu shi kaɗai kwana biyar a jere, a gwada shi a wani wuri da wani mutum, a gidan gwaggo ko da wani wando, don wasu yaran suna iya abu ne a ɗaki ɗaya da mutum ɗaya kawai. Idan ya yi a can ma, a shigar da aikin cikin hidimar safe a ɗauko sabo.

Idan mako uku sun wuce ba motsi, galibi matakin ne ya yi girma, a raba shi biyu. Bayan zazzaɓi, ko tafiya gida Arewa hutun salla, ko haihuwar ƙani, yaro kan koma baya kaɗan, a koma matakin da ya gabata na 'yan kwanaki. Idan kuɗin mota ya sa ba za ku iya zuwa duk mako ba, ku faɗa wa jami'in ƙarara, ku nemi ya tsara muku zuwa sau ɗaya a wata da aikin gida a rubuce, ku riƙa zuwa masa da takardar bayan ƙofa da bidiyon.